A riƙa duba abin da ke ran yaro kafin a saya masa littafi

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan littattafan yara. Ranar 2 ga Afrilu ita ce ranar littattafan yara ta duniya. Tun 1967 ake yin ta, an kuma ɗora ta ne a kan ranar haihuwar Hans Christian Andersen, marubucin tatsuniyoyi ɗan ƙasar Denmark da aka haifa a 1805. Bana ma ta zo ta wuce, ban ji an ce uffan ba.

Mu iyaye idan za mu sayi littafi, tambayarmu ɗaya ce: wane darasi yaro zai koya? Ni ma haka nake, sai da 'yata mai shekara bakwai ta dawo daga makaranta tana kuka, wai ana yi mata dariya saboda tabarau. Na yi lallashi har na gaji. Da dare na ɗauko mata labarin Andersen na ɗan agwagwar nan da kowa ke tsangwama don bai yi kama da 'yan'uwansa ba, ashe shi wani tsuntsu ne daban mai dogon wuya da farin gashi. Kwana uku a jere tana sa ni in maimaita. A na ukun ta karɓe littafin, ta ɗora yatsa a kan hoton ɗan agwagwar a cikin sanyi shi kaɗai, ta ce, "Baba, ai bai san zai yi kyau ba." Ban ƙara mata komai ba. Washegari da kanta ta nemi tabaranta.

Tun daga nan nake fara sauraron yaro kafin in zaɓa masa. Wanda ke kwance fitila da rediyo don ya ga abin da ke ciki, ko mai tambayar ina rana take kwana, a gwada shi da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin tafiya sararin samaniya. Mai son yawo da kasada, in ya fara jin Turanci, akwai Chike and the River da Chinua Achebe ya fitar a 1966, a kan yaron da ya ƙwallafa rai sai ya haye kogin Neja. 'Yan ƙanana kuwa hoto suke so da abin da za su taɓa. Littafin Eric Carle na 1969 a kan tsutsa mai yunwa yana da ramuka a shafukansa, yaro na zura yatsa yana koyon ƙirga da ranakun mako, har tsutsar ta zama malam-buɗe-littafi.

Magana Jari Ce na Abubakar Imam kuwa, wanda ya fara fitowa a 1937 kuma yake da juzu'i uku, shi kam kowa ya sani. Sai dai kuskuren da muke yi shi ne mu miƙa wa ɗan aji biyu mu tafi. Hausarsa ta yi wa ƙaramin yaro nauyi, wasu labaran ma na manya ne. A karanta masa da baki, a sauya murya in aku zai yi magana, a tsaya daidai inda labari ya ɗau zafi kamar yadda akun yake yi wa ɗan sarki Musa don ya hana shi fita. Gobe shi zai biyo ka da littafin.

Inda na fi shan wahala shi ne neman littafin Hausa mai hoto a kan jikin ɗan'adam, ko dabbobi, ko yadda za a yi wa yaro bayanin rasuwar kakarsa. Shi ya sa nake roƙon ku ware ko da rabin shafi ne duk mako, malamai da iyaye su riƙa aiko da sunan littafi, da shekarun yaron da ya dace da shi, da abin da labarin ya ƙunsa. In kun buɗe filin, ni zan fara aikowa.

Naka,
Wani uba mai karanta jaridarku