Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Malama Kan Shafin Ajinta

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan kalau muke, sai godiyar Allah.

Innarki ta shaida mini cewa an ɗora wa kowane malami a makarantarku ya buɗe wa ajinsa shafi a intanet, inda za a riƙa sa aikin gida da sanarwa da hotuna, kuma naki ake nuna wa sauran malamai. Na ji daɗi, Allah Ya ƙara basira. Sai dai ta ce duk sanda ta kira ki bayan isha'i kina kan kwamfuta, wani lokacin har dare ya raba. Shi ya sa na zauna rubuta miki wannan.

Shafin nan kamar akuya yake: sayenta ba wuya, ciyar da ita kullum ne aiki. Darasin da kika gama a allo cikin minti 40, sai kin sake buga shi, ki ɗauki hoto, ki jira a kawo wuta, ki jira sabis, sannan ki zauna amsa tambayoyin iyaye ɗaya bayan ɗaya. Ko darasi guda kuwa ba a rage miki a jadawali ba. Rajista na nan, shirin darasi na nan, haɗa sakamakon jarrabawa na nan. To, awannin da kike ba shafin daga ina kike ɗebo su? Daga barcinki, daga haƙƙin 'ya'yanki, ko daga duba littattafan ɗalibai.

Na ukun nan ya fi damuna. Na tsufa da alli a hannu, kuma ban san wurin da malami ke sanin ɗalibinsa kamar cikin littafin aikinsa ba. A nan za ki gane yarinyar da take kwafar na ƙawarta don tsoro, da yaron da ya fahimci rabawa amma bai haddace sau ba, da wanda rubutunsa ya lalace farat ɗaya saboda wani abu ya faru a gidansu. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce yara 35 ga malami a firamare, 40 a sakandare, kin kuma san ajujuwanmu sun zarce haka. Idan kina bin littattafan nan da jan biro a gurguje don ki samu ki koma kan shafi, wanda ya cutu shi ne yaron da ba ya iya ɗaga hannu a aji. Babu mai yaba miki duba littafi, shafi kuwa kowa na gani, don haka zuciya take karkata can. Ki kula.

Ki tuna yadda abin ya yaɗu. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona, aka koma darasi ta rediyo da talabijin, masu hali suka kama WhatsApp da Google Classroom. A lokacin, waɗannan sun maye gurbin aji ne. Da aka buɗe makarantu aji ya dawo, su kuma ba su tafi ba, sai malami ya wayi gari da kaya biyu a kai, albashi ɗaya. Ga data, wadda a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗinta da kashi 50 cikin 100. Wa yake saya miki?

Ban ce ki rufe shafin ba, yana da amfani, musamman ga yaron da ciwo ya hana zuwa. Amma ki yi masa iyaka. Ki ware rana ɗaya a mako ki sa aikin makon gaba ɗaya, ki sanar da iyaye cikin ladabi cewa bayan magariba ba kya amsa saƙo sai gobe. Abin da kika buga bana ki adana shi, baɗi gyara kawai za ki yi. Duk abin da ya hau shafi kuma ya hau allo, domin a gidaje da yawa waya ɗaya ce, tana aljihun uba a kasuwa har dare. Hotunan yara ki rage su, kada ki sa na kowa sai da yardar iyayensa. Dokar kare bayanai ta 2023 ma haka ta tanada.

Sannan ku haɗu da 'yan'uwanki malamai ku sami shugaban makaranta. Kada ki je ke kaɗai, kada kuma ku je da fushi. Ki rubuta awannin da shafin ya ci miki a mako guda, ki ajiye masa takardar a gabansa. Ku roƙi a ware muku lokaci a cikin jadawali, makaranta kuma ta ɗauki nauyin data. Idan kun gana, ki kira ni in ji yadda kuka yi.

Innarki na gaishe ki. Ki shafa mini kan jikokina. Allah Ya yi miki albarka.

Ni ne mahaifinki.