Gubar gwajin bam na nan kwance a ƙasan teku

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ɗan ba ni fili. Jiya na tsaya sayen kifin ƙanƙara a kasuwar Muda Lawal, mai kifi na ta sara da adda, sai wata magana da ta daɗe tana ci min rai ta dawo, wato abin da manyan ƙasashe suka zuba a teku da sunan gwajin nukiliya.

Amurka kaɗai bam 67 ta tayar a tsibiran Mashal da ke tekun Pasifik daga 1946 zuwa 1958. Bam ɗin 1 ga Maris 1954 a Bikini, ɗaya daga cikin tsibiran, tokarsa ta zubo kan jirgin masuntan Japan su 23, ɗaya ya rasu, kifin tuna kuwa tuli guda aka zubar. Kuma wallahi gubar ba ta tafi ba, fulutoniyam, wato sinadarin da ake haɗa bam ɗin da shi, kwanciya yake cikin lakar ƙasan ruwa, sai ya shekara 24,000 kafin rabinsa ya lalace, tsutsa da ƙaguwa su ci lakar, kifi ya ci su, mutum ya ci kifin. Mutanen Bikini bayin Allah da aka kwashe kafin gwajin an mayar da su gida, a 1978 aka sake kwashe su saboda gubar.

Ban ce kifin kasuwarmu na da guba ba fa, kar a min gurguwar fahimta. Amma abin ya taɓa matso mu, Faransa ta yi nata gwajin a hamadar Aljeriya a 1960, har gwamnatin Tafawa Ɓalewa, ɗan Bauchin nan namu, ta kori jakadan Faransa a 1961.

Roƙona ku tura wakilinku ya tambayo mana, kifin da ake shigo da shi ana auna irin wannan gubar kuwa?

Mai karanta ku kullum,
daga Bauchi