Abin da muka tarar a gwangwanin Kaka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi maganar kakata, mahaifiyar babana, wadda Allah Ya yi wa rasuwa wata uku da suka wuce. Ranar 1 ga Oktoba ce ta tuno mini, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa tsofaffi tun 1990. Kaka ba ta taɓa jin labarin wannan rana ba, kuma da an gaya mata, dariya za ta yi ta ce sauran ranakun kuma na wa ne.

Ba ta yi boko ba, amma ita ke duba mana littattafai. Da mun dawo daga makaranta sai ta ce, "Kai ɗan nan, kawo in gani." Ta ɗora littafin a cinya, wani lokaci ma a juye, tana bin shafi da yatsa tana neman jan biro. Ta san alamar daidai, ta san ta kuskure. In kuskure ya yi yawa ba ta faɗa, sai ta rufe littafin a hankali ta ce, "To, Allah Ya kyauta." Wallahi gara bulalar malami da wannan kalma. Wata rana na ce bari in yi mata wayo, na ari jan biro na cika shafin lissafi da alamar daidai. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce yau hannun malamin naku rawa yake yi. Ta yage shafin, ba ta gaya wa kowa ba.

A ƙarƙashin gadonta akwai wani tsohon gwangwani mai murfi, duk fentinsa ya goge. Nan takardun gidanmu suke: na haihuwa, katin rigakafi, rasit ɗin makaranta, sakamakon jarrabawa. Da launi da irin naɗin takarda take gane ta wa ce. Ba ta aiki da kalanda. Da aka yi gardama kan ranar haihuwar wata jikarta, cewa ta yi kwana uku bayan rana ta yi husufi aka haife ta. An yi husufin ran 29 ga Maris 2006, da aka ciro takarda kuwa sai ga 1 ga Afrilu.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne idonta, don a nan muka yi sakaci. Da allura abin ya fara. "Zo ka zura mini zare," sau ɗaya a mako, ya koma kullum. Daga baya sai ka yi magana take gane ka. Ta daina cewa a kawo littafi. Mu kuwa muka ce tsufa ne, muka nannaɗe hannu har shekara shida. Ashe yanar ido ce, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke lissafawa a sahun gaba cikin abubuwan da ke makantar da mutane, kuma tana da magani. Wani abu ne mai kama da gilashi a cikin ido yake dushewa, likita ya cire shi ya sa na roba a gurbinsa. Aikin bai kai awa ɗaya ba, idon kawai aka kashe wa zafi, tana farke, ranar muka koma gida. Bayan 'yan makonni aka yi ɗayan.

Ita ma ta taya mu ɓoyewa. Duk sanda aka ambaci asibiti sai ta ce a fara biya wa wane kuɗin makaranta, ko a duba matar wane da ke da juna biyu, ita ai ta gama ganin duniya. Muka riƙa yabon haƙurinta. Yau in na tuna, ina ganin yabon nan sauƙi muka nema wa kanmu, domin tsohuwar da ba ta roƙon komai ba ta da wahalar riƙo. Duk mai tsoho a gida da ya fara lalube, don Allah ya kai shi a duba idon, kada ya tsaya jiran ya nema da bakinsa.

Ranar da aka cire mata bandeji ina tsaye a gabanta. Ta ƙura mini ido ta ce, "Ashe kai ma ka yi furfura?" Muna isa gida ta sa aka jawo gwangwanin, ta wuni tana jera takardu.

Lokacin kullen korona a 2020 ta koyi aiko da saƙon murya ta WhatsApp. Da ƙarfi take magana, kamar mai kiran wanda ke ƙetaren kogi. Har yanzu suna wayata, na sake sauraronsu duka. Tarin yaron nan ya tafi? Ka kira ƙanwarka kuwa? Kun shirya da yayanka ko sai na zo? Ba ta taɓa faɗin yadda ita ta kwana ba, ni ma ban ji inda na matsa da tambaya ba.

Bayan rasuwarta muka buɗe gwangwanin don kowa ya ɗauki nasa. 'Ya'ya, jikoki, tattaɓa-kunne, har da yaran da ta riƙe waɗanda ba jininta ba, kowa ya samu. Takarda mai sunanta ɗaya ce tak, katin asibitin ido, shekarun da ke jiki ma ni na ƙiyasta su a gaban ma'aikaciyar jinya. Gwaggonnina biyu har yau ba su daidaita kan shekarunta ba. A can ƙasa kuma, an naɗe shi gida huɗu, sai ga shafin lissafina da jan biron da na ara. Na lissafa su a daren nan, tambaya goma, biyu na ci.

Allah Ya jiƙanta, Ya kai haske kabarinta.

Naka,
Ɗaya daga cikin jikokinta