Rahoton Ayyukan Shekara na Zumuntar Matan Ikkilisiyarmu, Sabon Gari, Kano

Mama Shugaba, Mama Fasto, iyayenmu dattawa da 'yan'uwa mata cikin Almasihu, salama a gare ku.

Kan maganar da muka ɗauka a farkon shekara daga Kolosiyawa 3:23 yake, wato duk abin da za mu yi mu yi shi da zuciya ɗaya, domin Ubangiji muke yi wa. Tun ranar da aka karanta shi Baba Fasto ya gargaɗe mu cewa kowa na iya zama mai bi ranar Lahadi, cikin anko, ana buga tulu ana rera waƙa. Ya ce a kasuwa da bakin famfo za a san inda muka tsaya. Da wannan muka auna ayyukan bana.

Taron mako-mako bai tsaya ba, sai dai makara ta yi mana katutu. Mun san kuɗin Adaidaita Sahu ya ninka tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuma masu zuwa daga Brigade da Badawa da Dakata suna ji a jikinsu. Duk da haka, akasarin masu makarar 'yan nan kusa ne, waɗanda ko da ƙafa za su iso. Abin mamaki, tsofaffinmu ne ke riga kowa zama.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu a nazarin Littafi Mai Tsarki shi ne zancen awo. Da yawanmu 'yan kasuwa ne: masu sarin hatsi a Dawanau, masu sayen kayan masarufi a Singa, masu rumfa a Kasuwar Sabon Gari, da masu ƙulla gari da manja a ƙofar gida. Ranar da muka kai Karin Magana 11:1, inda aka ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji, wata uwa ta zo da kwanon awo biyu a cikin jakarta. Ta kife su a kan tebur. Ɗaya gindinsa lafiya lau, ɗayan an bubbuge shi ya shige ciki, ido ba zai gane ba sai an shafa da hannu. Ta cika mai kyau da gero ta juye a ɗayan, gero ya zube a ƙasa. Ɗakin ya yi tsit. Daga nan aka yi ta muhawara har magariba. Wasu suka ce idan kowa a layi yana rage mudu, mai cika nata ba za ta kai labari ba, ga haya ga kuɗin makaranta. Wasu suka ce gara a faɗa wa mai saye gaskiyar farashi a cika masa awo. Ba a rabu baki ɗaya ba ranar, kuma ni a ganina hakan ya fi a amsa da amin a koma ana yin yadda aka saba. Daga baya wasu 'yan'uwa sun shaida cewa sun sake kwano, sun kuma daina jibga manyan tumatir a saman kwando.

Maganar bashi ta biyo baya. Adashinmu ya zagaya, amma akwai waɗanda suka kwashi nasu sannan zubi ya gagare su. Kwamiti bai kira sunan kowa a taro ba. An bi su gida, an ji damuwarsu, an tsara yadda za su biya kaɗan-kaɗan. Mai hali da ta ƙi biya kuwa, an gaya mata gaskiya.

Wajen ziyara, mun gai da marasa lafiya a Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano, mun kuma raka tsofaffi biyu zuwa Asibitin Ido na ECWA, wanda mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka kafa tun 1943. Mun kai sabulu da abinci gidan gyaran hali na Kurmawa. Gwauraye da marayu sun sami hatsi kafin Kirsimeti, ko da yake bai kai na bara ba. Fita bishara zuwa ƙauyukan kudancin Kano sau ɗaya ta yiwu saboda tsadar mota. 'Yan'uwanmu Hausawa masu bi na can sun karɓe mu da tuwon dawa da miyar kuka, sun kuma roƙi Littafi Mai Tsarki na Hausa da littattafan waƙoƙi. Ba mu cika wannan alkawari ba tukuna.

Zaman mu da maƙwabta Musulmi lafiya. Sun aiko mana da naman layya, mu ma mun aika da shinkafar Kirsimeti, mun je suna da ta'aziyya. Mama Fasto ta ja kunnenmu game da tura saƙonnin WhatsApp da ba a tabbatar ba, musamman idan gari ya ɗan ɗauki zafi.

Ma'aji za ta karanta lissafin kuɗi bayan wannan rahoto. Masu bashin kuɗin wata da na anko su gan ta kafin zaɓen sababbin shugabanni. Za a fara tara gudummawar littattafan ƙauye daga taro mai zuwa.

Taku cikin hidima,
Magatakardar Zumunta