Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Sakkwato Ahmad Aliyu: a kai masu gashin ƙashi ƙananan hukumomi

Mai girma Gwamna, ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bara da damina hawan jini ya kayar da Innata, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Da za a sallame mu, likita ya ce abin da ya rage sai gashin ƙashi. Ni da na ji an ce gashi, na ɗauka garwashi za a hura mata, ashe suna ne kawai. Babu wuƙa, babu allura. Ma'aikaciyar ta riƙa lanƙwasa mata yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta ba ta ƙwallon roba ta matsa, daga baya ta tsayar da ita tsakanin ƙarafa biyu tana ƙirga mata taku. Ranar da Inna ta ɗaga buta da hannunta ta yi alwala, sai da ƙanwata ta yi kuka.

To, ranka ya daɗe, wannan magani ba na zuwa ɗaya ba ne. Sau biyu a mako muke shigowa birni, kuma sai da shatar mota, domin mai shanyewar jiki ba ta iya cunkoson motar haya. Mu mun sayar da tumaki mun jure. Wanda ke Isa, Sabon Birni ko Kebbe fa? Watannin farko ne ƙwaƙwalwa ta fi saurin sake koyon motsi, in aka bar mutum kwance gaɓoɓinsa su sandare. Daga nan sai kemis: mai ciwon baya ya dimanci diclofenac har ta taɓa masa ciki da ƙoda, matashin da ya faɗi a kabu-kabu ya koma tiramol. Ga kuma waɗanda shan inna ta naƙasa, ba su warke ba don an ayyana ƙasar nan ta rabu da cutar a 2020.

Ƙananan hukumomi 23 gare mu. Roƙona shi ne a sa ma'aikacin gashin ƙashi ko da guda ne a babban asibitin kowacce, da ɗaki da tabarmar motsa jiki da ƙarafan koyon tafiya, abin da maƙerin gari ma zai iya haɗawa. A kuma ɗauki nauyin yaranmu su karanto fannin, ga Jami'ar Bayero nan a Kano tana koyarwa, da sharaɗin su dawo gida su yi aiki.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani ɗan Sakkwato mai jinyar mahaifiyarsa