Rahoton ayyukan shekara ga mambobin ƙungiyarmu ta karatun tarihi da addini a Maraɗi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya nuna mana ƙarshen wata shekarar karatu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Iyayenmu malamai, iyaye mata, yayye da ƙanne, assalamu alaikum.

Kwamiti ya ɗora mini, a matsayina na magatakarda, in rubuta muku abin da muka yi bana, wanda ya yiwu da wanda ya gagara. Lissafin kuɗi ba ya cikin wannan takarda. Ma'aji zai karanta shi da bakinsa ranar babban taro, duk mai tambaya ya riƙe ta sai ranar. Kafin komai ina roƙonku addu'a ga ƴan'uwan da muka fara shekarar nan da su ba mu ƙare da su ba, musamman dattijon nan da kullum shi ke riga kowa zuwa ya shimfiɗa tabarmi. Allah Ya jiƙansu, Ya kyautata namu zuwan.

Zaman Asabar

Zamanmu na Asabar bayan la'asar ya ɗore, in ban da makonnin shuka da na girbi da mutane suka watse gonaki, da watan azumi da muka bar wa tafsiri. A babban taron bara aka yarda jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo za mu sa gaba. Wasu sun ja baya a lokacin, suka ce ɗauko wannan magana a Maraɗi fama tsohon miki ne. Ban ga laifinsu ba. Sarkin garin nan har yau Sarkin Katsina ake ce masa, kuma kowa ya san dalili. A 1807 Katsina ta faɗa hannun masu tuta, su Malam Umaru Dallaji, gidan sarauta ya watse. Ɗan Kasawa, ɗan gidan sarautar, ya fake Damagaram kafin ya zo ya zauna Maraɗi wajen 1819. Magajinsa Rauda a fagen Gawakuke ya kwanta dama a 1836, ranar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya rundunar Gobirawa da Katsinawa da Abzinawa, bayan nan ne Gobirawa suka kafa Tibiri nan kusa da mu. Da yawanmu jikokin waɗanda aka kora ne. Amma kuma da wuya ka sami malamin zaure a garin nan da bai taɓa riƙe littafin Shehu ko na ƙaninsa Abdullahi ba. Shehun ma a Maratta aka haife shi a 1754, cikin ƙasar da yau take Nijar, kuma har Agadas ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru.

Malam ya hana mu fara da yaƙi. Ya ce wanda ya fara karatun Shehu daga Tabkin Kwatto ya shiga gida ta katanga. Wata uku muka yi a kan shekaru talatin da Shehu ya share yana wa'azi a Gobir da Zamfara da Kabi kafin a zare takobi. Zaman da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Magami, inda Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai da Babbar Sallah ya raba musu dukiya, Shehu ya ƙi karɓar rabonsa, ya nemi abu biyar a madadi: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana mai son amsawa, a girmama mai rawani, a saki ƴan kurkuku, kada a danne talakawa da haraji. Daga nan muka bi dokokin Sarkin Gobir Nafata da suka hana rawani da lulluɓi, da rikicin Gimbana, garin almajiran Shehu da Gobirawa suka kai wa hari, har hijira daga Degel zuwa Gudu a Fabrairun 1804, da faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, da mutuwar sarkinta Yunfa a 1808.

Ranar da aka karanta Kitabul Farƙi ne majalisa ta yi zafi. Malam na jero abubuwan da Shehu ya zargi sarakunan Hausa da su, jangali, kuɗin ƙasa, gaisuwar da ake kai wa masu mulki, ƙwace kayan talaka a kasuwa. Ƴan kasuwarmu sai gyaɗa kai suke, wani ya ce ai wasu daga ciki suna ne kawai suka canza. Ana haka sai Baba, wanda kakansa ya hau doki a rundunar Sarkin Katsinan Maraɗi Ɗan Baskore, ya dafa sandarsa ya miƙe. Muryarsa na rawa ya ce, "Allah gafarta Malam, in tambaye ka. Kakannin nan namu da suka yi sallah, suka yi azumi, aka binne su suna fuskantar gabas, su ne arnan da ake faɗi?" Zauren ya yi tsit. Ni kaina alƙalami ya tsaya a hannuna.

Malam bai amsa ranar ba. Ya ce, "Baba, ka ba ni mako ɗaya." Asabar ta gaba ya zo da wasiƙun da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno ya aika wa shugabannin jihadi. Tambayar Baba ce al-Kanemi ya yi tun shekaru ɗari biyu da suka wuce: mutanen da ke sallah da azumi da zakka, da wace hujja za a yaƙe su? Ya yarda akwai zalunci da cin hanci da al'adun da shari'a ba ta so, amma ya ce saɓo daban, kafirci daban, kuma babu ƙasar Musulmi da ta kuɓuta daga saɓo. Sannan Malam ya karanta amsoshin Muhammadu Bello da hujjojinsa. Abin da ya ja hankalinmu a kai shi ne, waɗannan wasiƙu a cikin Infaƙul Maisuri muka same su, littafin Bello da kansa. Bello ya kwafe maganar abokin jayayyarsa, ya bar wa na baya su karanta. Baba ya daɗe shiru, sannan ya ce, "To, ashe an tambaya." Bai ce ya gamsu ba, mu ma ba mu nemi ya ce ba. Tun daga ranar bai sake fashin zama ba, kuma shi ne ya ba mu labarin hare-haren zamanin Ɗan Baskore yadda ya ji daga bakin kakarsa, har da ƙauyukan da su ma mutanenmu suka ƙona. Wannan ɓangaren bai ɓoye ba.

A ganina wannan makonni biyu su ne ribar shekarar. Da mun bi shawarar masu cewa a bar miki, da ba mu ji ko ɗaya daga ciki ba.

Abin da ya taɓa zukata

Ƙungiyarmu ba don tara labari aka kafa ta ba, shi ya sa watanni biyu na ƙarshe muka ba Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Shi ne ya jagoranci runduna a Kwatto a Yunin 1804. Ya ga yadda aka rasa mahaddata Alƙur'ani kusan 200 a yaƙin Tsuntsuwa. Amma a 1807, nasara tana ta zuwa, sai ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar Makka, don abin da ya gani a cikin jama'arsu ya ƙona masa rai. A Tazyinul Waraƙati ya koka da mutanen da burinsu ya koma mallakar garuruwa da tara ƙwaraƙwarai da tufafin ƙawa da dawakin sukuwa cikin gari. Mutanen Kano suka tare shi, ya zauna ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki bisa shari'a, sannan ya koma gida.

Malam ya haɗa wannan da hadisin farko na Arba'una, wanda yaranmu ke haddacewa tun suna ƙanana: ayyuka da niyya suke, wanda ya yi hijira don duniya ko don macen da zai aura, to hijirarsa tana ga abin da ya yi hijira dominsa. Ya ce mu lura, misalin da Annabi ya kawo a hadisin hijira ce, aikin da ba kowa ke iyawa ba, amma ita ma niyya na iya cinye ta. Daga nan aka yarda kowane zama a rufe shi da ɗan shiru kafin magariba, kowa ya yi wa kansa hisabin mako, ba tare da ya faɗa wa kowa ba.

Mutum ɗaya dai ya faɗa, kuma ya yarda in rubuta ba tare da suna ba. Ɗan'uwanmu ne mai sayar da hatsi. Wata Asabar ya zo da tiya biyu cikin buhu ya ajiye gaban Malam. A ido, ɗaya suke, amma da aka cika ɗaya da gero aka juye a ɗayar sai ya zube a tabarma. Ya ce da babbar yake saye a hannun manoma ranar kasuwar ƙauye, da ƙaramar yake sayarwa a gari, haka ya gada, haka maƙwabtansa ke yi. Ya ce ranar da aka karanta zaluncin sarakuna yana cikin masu gyaɗa kai, da ya koma gida ya kasa barci. Malam bai yi masa dogon wa'azi ba, ya karanta farkon Suratul Muɗaffifina, ya yi masa addu'a. Ƙaramar tiyar tana nan cikin akwatinmu. Allah Ya tabbatar da shi, Ya ba mu irin ƙarfin halinsa.

Ɓangaren mata

Iyayenmu mata suna zama ranar Laraba da hantsi, kuma a gaskiya sun fi mu riƙe lokaci. Bana rayuwar Nana Asma'u ƴar Shehu suka bi, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin ƴan taru inda take naɗa jaji, ta sa mata malfa, ta tura ta ƙauyuka ta karantar da mata. Sun ɗauki tsarin da gaske. Hajiya shugabarsu ta raba waɗanda suka iya karatu zuwa gidaje a Bagalam da Zariya da Ali Ɗan Sofo, suna koyar da alwala da sallah da karatun ajami ga matan da ba su samun fita. Suna da ƙorafi, kuma kwamiti ya karɓa: sau da yawa mu maza muna kwashe tabarmi da lasifika ranar Asabar ba mu maidowa. Shehu da kansa a Nurul Albabi ya yi tir da malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da ƴaƴansu cikin jahilci. Bai kamata mu karanta wannan ranar Asabar mu bar iyayenmu a kan ƙasa ranar Laraba ba. An sa sayen nasu kayan a gaban kasafin baɗi.

Matasa da tafiye-tafiye

Lokacin hutun lakwal, ɗan'uwanmu mai koyar da tarihi ya yi wa matasa zama uku a kan juyin juya halin Faransa na 1789 da na Haiti. Yara sun yi mamakin jin cewa bayin da suka tashi a 1791 sun ayyana ƴancin Haiti ranar 1 ga Janairun 1804, makonni kaɗan kafin hijirar Gudu, da kuma cewa a 1825 Faransa ta ɗora wa ƙasar biyan diyyar faran miliyan 150 don ta amince da ƴancinta. Wata yarinya ta tambaya me ya sa waɗanda suka sare kan sarkin Faransa a 1793 suka koma sare kawunan juna a 1794. Muna so waɗannan matasa su riƙa zuwa zaman Asabar, don irin tambayar da ta sa Malam Abdullahi ya bar runduna ce.

Mun kai ziyara Tibiri, inda dattawa suka karɓe mu hannu bibbiyu suka ba mu tarihin Gobir ta bakin Gobirawa. Mun je Madarumfa mun yi addu'a a kushewun bayin Allah da ke gefen tabki. Tafiyar Sakkwato da Degel da Alƙalawa da muka yi alkawari ba ta yiwu ba saboda halin tsaro a hanya, kuma kwamiti bai ga dacewar jefa rayukan mutane cikin hatsari ba. Kuɗin da aka tara don ita suna nan a asusu, taro ne zai yanke abin da za a yi da su.

Akwai asarar da dole in faɗa, don laifina ne. Da damina na bar kwalin takardunmu a ƙasa cikin zaure, ruwan dare ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Kwafin Infaƙul Maisuri da muka sha wahala kafin mu samu ya jiƙe, tawada ta narke a shafuka da dama, haka littafin da nake rubuta labaran dattawa. An gaya mini in ɗora kwalin bisa benci, na ce gobe. Ina neman gafararku. Na sake zama da Baba mun maido da mafi yawan nasa labarin, amma na dattijonmu da ya rasu ya tafi ke nan. Yanzu an sayi akwatin ƙarfe, kuma duk hirar da za a yi da tsoho za a ɗauke ta a waya kafin a rubuta.

Abin da ke gaba

Kwamiti na ba da shawarar baɗi mu koma kan zuwan Turawa: ɓarnar hafsoshin Faransa Bule da Shanwan a 1899 daga Birnin Ƙonni har yankin Tasawa, tsayuwar Sarauniya Mangu a Lugu, da boren Abzinawa ƙarƙashin Kawsan a Agadas daga ƙarshen 1916 zuwa 1917. Malam kuma zai ɗauko littafi ɗaya na gyaran zuciya a riƙa buɗe zama da shi. Muna neman matasa masu waya da haƙuri da za su bi tsofaffin unguwanninsu, musamman waɗanda iyayensu suka ga ambaliyar 1945 da ta sa aka tashi gari daga bakin gulbi aka hau tudu.

Babban taro zai kasance Asabar ta ƙarshen wannan wata bayan la'asar, a zauren da muka saba. Za a saurari ma'aji, a sabunta kwamiti, a yanke maganar kuɗin tafiya. Duk wanda ya ari littafi ya taho da shi, wanda ake bi kuɗin wata ya ga ma'aji kafin ranar.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Magatakarda, a madadin kwamiti