Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana: Asabar Da Ƙarfe Uku

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya gwiwar? Mahaifiyarka ta ce ka gaya mata kumburin ya sauka, amma na san halinka, ko ƙafar ce ta cire gaba ɗaya ce mata za ka yi da sauƙi. Allah ya ƙara afuwa.

Hoton da ka turo min ranar Talata da daddare ne ya hana ni sakat, har na ga gara in zauna in rubuta maka, don in a waya ne za ka mayar da maganar wasa, ni kuma in biye maka. Tsohon hoton nan ne na Paul Gascoigne, tsohon ɗan ƙwallon Ingila, da ya sake zagayowa, ya fito daga tasi cikin rigar wanka, fuska duk ta yamutse, ƙafafu kamar sillen kara. Ka haɗa da 'yar fuskar nan mai dariya har da hawaye, ka rubuta, "Baba, ga gwaninka." Na san tsokana ce irin wadda muka saba. Amma ban yi dariya ba, ban kuma amsa ba, na san ka lura.

Gwanina ne kuwa, har gobe. Ba a haife ka ba lokacin da na fara ganinsa, a gasar Kofin Duniya ta 1990 a Italiya. Ingila da Jamus ta Yamma, wasan kusa da na ƙarshe a birnin Turin. Yana ɗan shekara 23, yana wasa da manya kamar a ƙofar gidansu yake. Sai alƙalin wasa ya ɗaga masa katin gargaɗi, na biyu ke nan a gasar, wato ko Ingila ta haye ba zai buga wasan ƙarshe ba. Leɓensa ya kama rawa, idanunsa suka ciko, duniya tana kallo. Da aka cire su a bugun fenareti ya ja rigarsa ya rufe fuska. Daga wannan dare hawayensa suka zama haja. Jaridun tsegumi na Ingila, irin su The Sun da Daily Mirror da News of the World mai fitowa ranar Lahadi, suka gano cewa sunan yaron nan a shafin farko kuɗi ne, ko da alheri aka ambace shi ko da sharri.

In kana son ka ga yadda cinikin yake, dubi 1996. Gab da gasar Turai da Ingila za ta karɓi baƙunci, tawagar ta je Hong Kong. Aka ɗauki hotunan wasu 'yan wasa a gidan rawa, riguna a yayyage, ana kwantar da mutum a kujera irin ta likitan haƙori ana ɗura masa barasa a baki. Jaridu suka yi masa ca, wasu na cewa a kore shi daga tawagar. Ba a yi mako uku ba, a filin Wembley, ya ɗaga ƙwallo ta saman kan mai tsaron bayan Scotland da ƙafar hagu, ya ɗirka ta a raga da ta dama kafin ta taɓa ƙasa. Ya ruga ya kwanta rigingine a gefen raga, abokansa suka zo suna fesa masa ruwan gora a baki, suna kwaikwayon waccan kujera. Daily Mirror har "neman gafara" ta buga masa cikin raha. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Yanzu ne nake ganin abin da muka yi wa dariya: mutumin da giya ta riga ta fara ci, an zage shi a kanta an sayar da jarida, an tafa masa a kanta an sake sayar da jarida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shekara biyu bayan nan kocin Ingila Glenn Hoddle ya ajiye shi, bai tafi da shi Kofin Duniya na Faransa ba, kuma bai ƙara saka rigar Ingila ba. Wasa 57 ya tsaya.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wanda ya fito a kotu a 2015. Babbar Kotun Landan ta tabbatar da cewa 'yan jaridar kamfanin Mirror sun yi shekaru suna kutse cikin saƙonnin murya na wayarsa, ta kuma yanke masa diyyar fam 188,250. Dabarar ba wata gagaruma ba ce, mutane da yawa ba sa canza lambar sirrin da waya ta zo da ita, sai a kira daga wani wuri a saurari abin da aka bar musu. Ka tsaya ka yi tunanin abin da wannan ke yi wa mutum. Ka faɗa wa mahaifiyarka magana, ku biyu kaɗai, jibi ka gan ta a jarida. Wa za ka zarga? Ya shaida wa kotu cewa ya kai ga tsoron magana da kowa, har iyayensa da 'ya'yansa, ya riƙa zargin na jikinsa da sayar da shi. Mai fama da shaye-shaye ba shi da wata garkuwa da ta wuce mutum ɗaya ko biyu da zai kira cikin dare ya ce ga halin da nake ciki. Wannan garkuwar suka fasa masa. Nawa ne kuɗinta? News of the World kuwa irin wannan kutse ne ya yi ajalinta, aka rufe ta a watan Yulin 2011, aka kafa kwamitin bincike na alƙali Leveson. An rufe jarida ɗaya, kasuwar kuma tana nan, ta dai koma cikin wayoyinmu.

Kada ka ɗauka ina wanke shi ne. Ba edita ne ya ɗora masa kwalba a baki ba, kuma akwai waɗanda shansa ya cutar a cikin gidansa, su ma suna da haƙƙi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, nasa bangon kuwa tun yana ɗan shekara goma ya tsage, ranar da mota ta kashe ƙanin abokinsa a gaban idonsa. Abin da nake cewa shi ne, waɗanda suka ga tsagar ba su kira magini ba, kujera suka ja suka zauna da kyamara.

George Best ma haka. Gwarzon ɗan wasan Turai a 1968, shekarar da Manchester United ta ci Kofin Turai, ya bar ƙungiyar a 1974 yana ɗan 27 kacal. A 1990 aka saka shi a shirin hira na talabijin ɗin BBC kai tsaye yana cikin maye, ƙasa guda tana kallo. An yi masa dashen hanta a 2002, ya koma sha, ya mutu a Nuwamban 2005 yana da shekara 59. Kwana biyar kafin mutuwarsa News of the World ta buga hotonsa a gadon asibiti, jiki ya yi ɗorawa, da saƙon cewa kada wani ya mutu irin mutuwarsa. Shi ya nemi a buga, kuma ina fata ya tsorata wani yaro ya ajiye kwalba. Sai dai har nadamar tasa ma a teburin mai jarida aka saye ta. Mahaifiyarsa ma giya ce ta kai ta ƙasa tun 1978, abin da masu ba da labarin barkwancinsa ba su cika tunawa ba. Kuma ba ciwon Turawan Birtaniya kaɗai ba ne: Garrincha, wanda ya ci wa Brazil Kofin Duniya sau biyu, hanta ce ta kashe shi a 1983 yana ɗan 49.

To me ya haɗa ka da wannan duka? Ban ce kana sha ba. Na san tarbiyyar da muka yi maka, na kuma ga yadda ka riƙe ta a ƙasar da ake murnar cin wasa da giya, ake jajen rashinsa da giya. Amma shekararka 32, kwantiraginka zai ƙare a watan Yuni, gwiwar nan kuma an buɗe ta sau biyu. Daga na gaba ake gane zurfin ruwa.

Ka tuna zuwana wurinka bara, da safiyar da tsohon kyaftin ɗinku ya biyo ya gaishe ni? Mutum mai ladabi, har ya rage tsawo da zai ba ni hannu. Ƙarfe goma na safe ne, yana ta taunar cingam mai ƙamshin na'ana'a. Matarka ta kawo shayi, ya ɗauki kofin da hannu ɗaya, cokali ya kama ƙara a jikin kofin, sai ya yi sauri ya tallafe da ɗaya hannun ya ajiye, bai ƙara taɓawa ba har ya huce. Wayarsa na kife a kan cinyarsa, yana juyo ta yana dubawa, ba ta yi ƙara ko sau ɗaya ba. Da ka shiga ciki na tambaye shi yadda ya ga hutun. Ya yi murmushi ya ce sauran kwanaki da dama-dama, Asabar da ƙarfe uku ce ba ya so. Shekara goma sha bakwai jikinsa ya san a wannan sa'ar ake hura usur. Har yanzu cikinsa na ɗaurewa tun tsakar rana, zuciya ta hau bugawa, jiki ya shirya tsaf, sannan babu inda za shi. Bai faɗa min abin da yake kashe wutar da shi ba, ni ma ban tambaya ba.

Shi babu jaridar da za ta bi shi, bai yi sunan da za a sayi hotonsa ba. Irinsa sun fi su Gascoigne yawa nesa ba kusa ba. Ɗan ƙwallo tun yana yaro wani ke tsara masa rana: ga lokacin tashi, ga abin da za a ci, ga motar da za a shiga, har fasfo wani ke riƙe masa. Yana da mutum ashirin da yake gani kullum a ɗakin sauya kaya, a yi shaƙiyanci, a yi faɗa, a shirya. Ko mai sha a cikinsu yana da shinge, domin gobe akwai atisaye, akwai ma'auni, akwai koci mai shinshina. Rana ɗaya, a shekarun da sa'o'insa a wasu sana'o'i suke fara kama ƙasa, sai a ce masa an gode. Shingen ya faɗi, abokan sun ci gaba da harkarsu, ciwon gwiwa da na baya suna hana barci. Kofi ɗaya don a samu a runtsa, jiki ya saba ya nemi biyu. Barcin da giya ke kawowa kuma na ƙarya ne, tsakar dare take sakin mutum ya farka da fargaba fiye da wadda ya kwanta da ita. Ba mugayen mutane take kamawa ba, ɗana, waɗanda ta tarar ba su da abin yi da ƙarfe uku take kamawa.

Akwai masu fita, kada ka ce na cika baƙin labari. Tony Adams, kyaftin ɗin Arsenal, wanda Daily Mirror ta taɓa manna wa kunnuwan jaki a hoto, an ɗaure shi a ƙarshen 1990 saboda tuƙi cikin maye, ya fito ya ci gaba da sha. Sai a 1996 ya buɗe baki da kansa ya ce shi mashayi ne, yana neman taimako. Da ya faɗa da bakinsa, me ya rage wa mai tsegumi ya tona? Ya ɗaga kofin gasar Firimiya da na FA tare a 1998, ya maimaita a 2002, kuma a 2000 ya kafa cibiyar Sporting Chance domin taimaka wa 'yan wasa masu fama da shaye-shaye, masu bugawa da waɗanda suka ajiye. Ƙungiyarku ta 'yan wasa, PFA, tana aiki da su, tana kuma taimakawa da kuɗin karatu da kwas ɗin koci. Shekara nawa ana cirar kuɗin ƙungiya a albashinka? Ka je ka yi rajistar kwas ɗin nan yanzu da kake jinya, ba a fafe gora ranar tafiya. Ko ba koci za ka zama ba, ka samo abin da zai tashe ka da safe, wanda wani zai neme ka in ba ka zo ba.

Sai maganar hoton. Mai ɗaukar hoton nan ya yi sa'o'i a mota yana jiran mutum marar lafiya ya fito, don ya san akwai mai saye. Edita ya saya don ya san akwai mai dannawa. Mai dannawar kuwa mu ne, da ni da kai. Ka san labarin mutumin da ake yawan kawowa gaban Manzon Allah (SAW) saboda shan giya, har wani ya gaji ya tsine masa, Annabi ya hana, ya ce mutumin yana son Allah da Manzonsa. An hukunta shi, amma ba a bari an tozarta shi ba. Ka goge hoton, kada kuma ka tura wa ƙannenka.

Ranar Asabar mai zuwa ba ka cikin tawaga. In ƙafar za ta bari, ka sa a kai ka gidan kyaftin ɗin nan kafin ƙarfe uku. Kada ka yi masa wa'azi, ya san duk abin da za ka faɗa. Ku zauna, ko ku ɗan taka zuwa wani wuri da ba mashaya ba. In ya buɗe maka ciki ya ce zai daina, kada ka ce masa ya zubar da komai a daren, domin wanda jikinsa ya saba da sha kullum, yankewa farat ɗaya na iya jawo masa jijjiga da gane-gane, har ta kai ga rasa rai. Likita ne zai sauke shi a hankali, kai dai ka raka shi, ka ba shi lambar cibiyar nan. Abin da ya gaya maka kuma ya tsaya tsakaninku, ko ni ba sai na ji ba. Ka dai ce min kun haɗu.

Ka gaida matarka, ka shafa min kan jikokina. Mahaifiyarka ta ce in gaya maka ka daina hawa bene da sandar nan kana riƙe da yaro, ta gani a bidiyo.

Wassalam,
Mahaifinka.